BABI NA HUƊU: TARKEN HOTON ƊAN FARIN JAMI'A DA LAFIYAR HANKALINSA A WASU ƘAGAGGUN LABARAI

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo bayanin yadda ilimin boko ya shigo ƙasar Kano, tun daga makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa cikin 1909 har zuwa kafa jami'ar kimiyya da fasaha a garin Wudil cikin 2001. A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin tarken hoton da wasu marubuta ƙagaggun labarai suka zana na ɗalibin da ya fara zurfafa karatun boko a gidansu, musamman ta fuskar kwanciyar hankalinsa. Littafin da aka ɗora nazarin a kansa shi ne Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu (1990). Daga nan za a gwada shi da wasu littattafai biyu da ba da Hausa aka rubuta su ba, wato No Longer at Ease na Chinua Achebe (1960) da L'Aventure ambiguë na Cheikh Hamidou Kane (1961), sannan a dubi wani ra'i da likitoci suka fito da shi game da ciwon da karatu kan jawo wa ɗalibai.

Abin da ake son tabbatarwa shi ne, marubutanmu sun ɗauki makaranta a matsayin magani, kuma sun yi gaskiya, amma ba su tsaya sun tambayi halin da mai shan maganin yake ciki a lokacin da yake shansa ba.

4.1 Wane ne Ɗan Farin Jami'a?

A ƙasar Amurka, inda aka fi yin rubuce-rubuce kan wannan rukuni na ɗalibai, ana nufin ɗalibin da babu ko ɗaya daga cikin iyayensa biyu da ya kammala digiri na farko. Wannan ma'ana ta dace da inda aka ƙirƙiro ta, amma idan aka kawo ta ƙasar Hausa sai ta yi gajarta ta fuskoki biyu. Na farko, gidan Bahaushe bai tsaya kan uwa da uba ba. Akwai kawu da baffa da gwaggo da 'yan uba, kuma sau da yawa wanda ke ɗaukar nauyin karatun ba shi ne mahaifi ba. Na biyu, rashin digiri ba rashin ilimi ba ne. Mahaifin ɗalibin yana iya kasancewa alaramma ne wanda ya haddace Alƙur'ani ya kuma rubuta shi da ka, sai dai bai san mece ce rajista ko zangon karatu ba, ballantana ya ba ɗansa shawara a kansu. Don haka a wannan nazari an zaɓi kiran irin wannan ɗalibi da "ɗan farin jami'a", wato wanda ya fara taka ƙofar jami'a a gidansu, babu wani na gaba da shi da zai tambaya. An zaɓi kalmar "ɗan fari" da gangan, domin kamar yadda za a gani a gaba, kunyar da al'ada ta sa tsakanin ɗan fari da iyayensa ta yi kama da shirun da ke tsakanin wannan ɗalibi da gidansu.

Garin Wudil wuri ne da ya dace a yi wannan magana. Yana da nisan kimanin kilomita arba'in daga Kano a kan hanyar Maiduguri, a bakin kogi, kuma an san shi da su da noma da kasuwar shanu ta ranar Juma'a tun kafin a san shi da jami'a. An kafa jami'ar ne a zamanin mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na farko, cikin 2022 kuma aka sauya mata suna zuwa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote. Ƙananan hukumomin da ke wannan yanki, irin su Gaya da Garko da Sumaila da Albasu da Ajingi da Warawa, ƙasar manoma da makiyaya ce. Boko bai game ƙauyukansu ba sai bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976, kuma makarantar sakandaren kimiyya ta Dawakin Kudu, wadda ta buɗe wa 'ya'yan talakawa hanyar karatun kimiyya, cikin 1977 aka fara ta. Ke nan akwai gidaje da yawa a wannan yanki waɗanda har yanzu ɗan farin jami'arsu yana cikin aji, wasu ma bai kai ga shiga ba.

Duk wanda ya zauna a irin wannan gida ya san yadda abin yake. Ranar Juma'a a kai sa ko tumaki kara a sayar, ranar Litinin a biya kuɗin rajista. Tun yaro yana shekarar farko 'yan unguwa za su fara kiransa Injiniya, ƙannensa kuma a riƙa yi musu nuni da shi. Idan an kawo takardar asibiti ko ta kotu shi za a kira ya karanta, ko da kuwa ilimin ƙasa yake nazarta. Wannan duka ƙauna ce da girmamawa, amma bashi ne, kuma yaron ya san bashi ne.

4.2 Makaranta a Matsayin Mafita: Wa Zai Auri Jahila?

Tauraruwar wannan littafi ita ce Zainabu, wadda ake kira Abu, yarinya 'yar ƙauye mai kimanin shekara goma sha uku. Mahaifinta Malam Garba ya cire ta daga makaranta. Amadu, ɗan'uwanta da aka yi mata alkawarin aure da shi, wanda ya yi karatun boko a birni, ya ce ba zai auri jahila ba. Daga nan aka aurar da ita dole ga Sarkin Noma, dattijon da ya haife ta. Bayan wahalar da ta sha a gidansa sai ta gudu Kano wurin wata 'yar'uwar iyayenta mai suna Hajiya Kumatu, ta koma makaranta, ta yi ta karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya.

Babban jigon littafin shi ne illar auren dole da muhimmancin ilimin 'ya'ya mata, kuma marubuciyar ta warware shi da ƙarfin hali. Ba abin mamaki ba ne, domin ita kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, daga baya ta koma neman ilimi. Ta fuskar wannan nazari akwai abubuwa biyu da ya wajaba a yaba mata. Na farko, ta ɗauki ƙuncin yarinya ƙarama da muhimmanci, ta sa mai karatu ya ji shi, a lokacin da aka saba cewa kukan amarya al'ada ce kawai, zai wuce. Na biyu, ta hanyar Hajiya Kumatu ta nuna cewa hazaƙa kaɗai ba ta kai ɗalibi gaci. Abu ba ta yi karatu ba sai da ta sami ɗakin kwana da abinci da babban mutum guda wanda ya tsaya mata, wanda kuma zai saurare ta. Wannan hikima ce babba, kuma a ganin mai wannan nazari ita ce mafi amfanin abin da littafin ya ƙunsa ga ɗalibin yau, ko da yake masu sharhi sun fi karkata ga maganar auren.

To amma akwai giɓi. A tsarin littafin, duk wata cuta tana wajen makaranta ne: a gidan Malam Garba, a ɗakin Sarkin Noma, a bakin mutanen gari. Makaranta ita ce ƙofar fita. Da zarar tauraruwa ta shiga ta, hankalin mai karatu yana komawa ne kan ranar da za ta fito da takardar shaida ta ba waɗanda suka raina ta kunya. Tambayoyin da suka dami wannan nazari ba su ne suka dami marubuciyar ba. Yaya yarinyar da ta riga ta yi aure ta ga baƙin ciki take ji idan ta zauna gaban allo? Idan ta faɗi jarrabawa ina za ta koma, tun da ta riga ta bar gida a kan karatun? Wanda ya gudu daga gida domin ya yi karatu ba shi da damar faɗuwa, kuma wannan rashin dama shi kansa nauyi ne a kan zuciya. Jigon ya fi ƙarfin tauraruwar, ya hana ta yin rauni a wurin da ɗalibi na gaskiya ya fi yin rauni.

Haka kuma akwai abin dubawa a sunan littafin. Kalmar "jahila" ma'aunin Amadu ce, shi ya auna Abu da ita. Littafin ya la'anci wulaƙancin da ya yi mata, amma amsar da ya ba shi ita ce a ba Abu irin abin da yake taƙama da shi. Wato an kayar da Amadu ne da ma'auninsa, ba a karya ma'aunin ba. Illar wannan ga ɗan farin jami'a ita ce, idan darajar mutum ta rataya a kan takardar shaida, to wanda aka kora daga jami'a a shekara ta uku ya koma ina? Shi ba jahili ba, shi ba mai digiri ba, kuma an riga an sayar da san.

Wannan ya kawo mu ga Amadu, wanda a haƙiƙa shi ne ya fi kama da ɗalibin da ake magana a kai: ɗan ƙauye da ya tafi birni karatu ya dawo da wasu idanu. An nuna mana shi daga waje, kuma abin da muka gani girman kai ne. Ba a nufin wanke shi, domin abin da ya yi zalunci ne, kuma shi ya buɗe ƙofar duk masifar da ta sami Abu. Sai dai mai tarke yana da damar tambaya: me ya faru da yaron nan tsakanin barinsa ƙauye da dawowarsa? Ɗan ƙauye a makarantar birni yakan sha dariya a kan Hausarsa da tufafinsa da yadda yake furta Turanci. Wasu sukan jure. Wasu kuma sukan koyi jin kunyar inda suka fito, sai su dawo gida su sauke wannan kunya a kan wanda ya fi su rauni. Da an buɗe mana cikin Amadu ko da kaɗan ne, da mun ga cewa raina gida sau da yawa tabo ne na rainin da aka sha a waje. Bahaushe yakan taƙaita wannan duka da cewa "boko ya ɓata shi", littafin kuma bai yi nisa da wannan hukunci ba.

Adalci ne a tuna da zamanin da aka yi rubutun. A 1990 yaƙin da ake yi shi ne a bar yarinya ta shiga aji tukuna. A cikin shekarun nan ne kuma aka yi ta muhawara a jaridu kan littattafan da Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano, wasu na ganin suna ɓata tarbiyya, wasu irin su Abdalla Uba Adamu na kare su. Marubuciyar da ke cikin irin wannan fage, da ta tsaya nuna wahalar da ke cikin makaranta, da ta miƙa wa irin su Malam Garba makami ne da hannunta. Uzuri ne karɓaɓɓe gare ta. Bai zama uzuri ga waɗanda suka biyo bayanta fiye da shekara talatin ba.

Kada kuma a ce ƙagaggen labarin Hausa bai san ƙuncin zuciya ba. Ya san shi sarai. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino (1991), baƙin ciki ya kai Sumayya ga faɗawa rijiya. Abin lura shi ne, soyayya da auren dole aka keɓe wa irin wannan ƙunci. An yarda zuciya ta karye saboda masoyi, ba a saba ganin ta karye saboda allon sanarwar sakamakon jarrabawa ba.

4.3 Obi da Samba

Idan aka waiwayi littafin Achebe sai a ga ɓangaren da namu ya tsallake, wato bashi. Obi Okonkwo ba ɗan gidan da ba a karatu ba ne, mahaifinsa malamin coci ne, amma shi ne wanda ƙungiyar 'yan garinsu Umuofia ta tara fam 800 ta tura Ingila. Sun so ya karanta shari'a domin ya riƙa tsaya musu a rikicin gonaki, shi kuma ya karanta Ingilishi. Ya dawo ya kama aikin gwamnati a Legas, sai ga biyan bashin ƙungiya, ga kuɗin makarantar ƙanensa, ga jinyar mahaifiya, ga mota da dole ya riƙe domin kada garinsu ya ji kunya. Mahaifiyarsa ta ce za ta kashe kanta idan ya auri Clara. Da ta rasu bai je jana'iza ba, daga baya ma wani irin sanyin zuciya ya sauko masa, wanda ya fi kama da mutuwar zuciya fiye da haƙuri. A wannan hali ne ya fara karɓar cin hanci, har aka kama shi a kan fam 20.

Gwanintar Achebe ita ce ya sa mai karatu ya yi lissafin kuɗin tare da Obi, wata bayan wata, har ya ji numfashinsa na ƙuntata. An buɗe littafin a kotu, alƙali na mamakin yadda saurayi mai ilimi zai yi haka, kuma har aka rufe shi babu wanda ya gane dalili a cikin waɗanda suka kewaye shi. Ɗalibin Wudil zai gane Obi nan take, domin kuɗin da aka tara masa a gida, ko da ba a kira shi bashi ba, kowa na jiran ranar biya. Raunin littafin ga wannan nazari shi ne, labarin ya fi zama a kan bayan kammala karatu, shekarun Ingila kuwa an taɓa su ne sama-sama.

Littafin Kane ya fi kusa da mu ta fuskar addini da al'ada. Samba Diallo Bafulatani ne Musulmi na ƙasar Diallobe a Senegal, almajirin Malam Thierno, kuma manyan gidansu ne suka yanke shawarar a kai shi makarantar Faransawa. Ya tafi Paris ya karanta falsafa, ya wayi gari ba ya jin daɗin ibada kamar da, kuma bai zama Bature ba. Mahaifinsa ya kira shi gida. A can wani mutum da ake kira Mahaukaci, wanda shi ma zuwa Turai ne ya taɓa shi, ya kashe shi a maƙabarta a kan maganar salla. A nan an shiga cikin zuciyar ɗalibi sosai, abin da ba a samu a sauran biyun ba. Amma Samba ɗan sarauta ne, bai taɓa kwana da tunanin kuɗin rajista ko abin da zai ci gobe ba, kuma damuwarsa ta zama muhawarar falsafa tsakanin Gabas da Yamma. Bugu da ƙari, kashe shi da aka yi yana nuna kamar babu wurin tsayawa tsakanin tsangaya da jami'a. Wannan bai dace da abin da ido ke gani a ƙasar Kano ba, inda ake samun mahaddatan Alƙur'ani a ajin lissafi da na injiniya, ba tare da ɗaya ya kori ɗaya ba.

4.4 Ra'in Gajiyar Ƙwaƙwalwa

A shekarar da littafin Achebe ya fito, wato 1960, wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Kanada mai suna Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro na Abeokuta, ya wallafa bayanin wani ciwo da ya gani a tsakanin ɗaliban sakandare da na jami'a a kudancin Nijeriya. Ya ba shi sunan da ɗaliban da kansu suke kiransa da shi a Turancinsu, wanda ma'anarsa ita ce gajiyar ƙwaƙwalwa. Alamominsa sun haɗa da jin zafi ko raɗaɗi a kai da wuya, jin kamar wani abu na tafiya a cikin kai, dishi-dishin gani, da kasa fahimta ko riƙe abin da aka karanta. Bayanin ya yi tasiri har ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa shi cikin jerin cututtukan da suka keɓanta da wasu al'adu a bugu na huɗu na littafinta cikin 1994, ko da yake bugu na biyar na 2013 bai ba shi gurbin kansa ba.

Duk wanda ya yi zaman ɗakin kwanan ɗalibai lokacin jarrabawa ya ga mai irin waɗannan alamomi, in ma bai ji su a jikinsa ba, kuma mai wannan nazari, wanda shi ma ɗan farin jami'a ne, ba ya cire kansa. Alamomin gaskiya ne. Inda ake da ja shi ne dalilin da Prince ya bayar. A ganinsa, an ɗora wa Ɗan Afirka, wanda ya tashi cikin jama'a da koyo ta baka, wani salon karatu na Turai mai buƙatar kaɗaici da zama da littafi, sai ƙwaƙwalwarsa ta ƙi. Ko da wannan ya yi daidai da wani wuri, bai yi daidai da ƙasar Hausa ba. Kano ta san littafi da alƙalami tun kafin zuwan Almagili a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499). Gardin da ke kwana gaban wutar tsangaya yana tilawa, ya yi shekaru yana harda, ya zauna shi kaɗai ya rubuta izu sittin da ka, ba za a ce zama da rubutu baƙon abu ne ga ƙwaƙwalwarsa ba. Ra'in ya ɗora laifin a kan halittar ɗalibin, ya ƙyale halin da ɗalibin yake ciki.

Bayanin da Olufemi Morakinyo ya kawo cikin 1980 ya fi kusa da ƙasa. Shi ya danganta ciwon da fargabar jarrabawa da ke sa ɗalibi hana kansa barci, yana shan gahawa da ƙwayoyin hana barci, har jiki da ƙwaƙwalwa su gaza. Wannan ya dace da abin da aka sani na karatun dare da goro da shayi mai kauri. Amma ko shi ya bar tambaya guda: me ya sa fargabar wani ɗalibi ta fi ta wani? Ɗan gidan da kowa ya yi digiri, idan ya faɗi darasi ɗaya, yayansa zai gaya masa cewa kariyoba ce, za a sake, shi ma ya taɓa yi. Ɗan farin jami'a ba shi da mai gaya masa haka. A wurinsa faɗuwa a darasi ɗaya tana nufin ƙarin shekara, ƙarin shekara kuma tana nufin wata ranar Juma'ar a kara. Idan aka haɗa da abubuwan da ba ya da iko a kansu, kamar yajin aikin malaman jami'o'i na wata takwas a 2022, da tsadar rayuwar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a 2023, sai a ga cewa abin da ke tafiya a cikin kan nasa lissafi ne da ya ƙi fita. Asusun ba ɗalibai rance da gwamnatin tarayya ta fara a 2024 ya rage wa wasu nauyin rajista, sai dai shi ma bashi ne, kuma labarin Obi ya riga ya nuna abin da bashi kan yi.

4.5 Kalmomin da Gida Ya Tanada

Wani dalilin da ya sa marubuci yake shan wuyar zana wannan ɗalibi shi ne kalmomin da al'umma ta saba amfani da su. A gefe guda akwai hauka da taɓin hankali, waɗanda ke kawo hoton mari da asibitin Dawanau, kuma suna iya hana mutum da danginsa aure. A ɗaya gefen akwai damuwa da tunani da ɓacin rai, waɗanda ake gani kowa na yi, maganinsu haƙuri da addu'a. Abin da ke tsakani, wato yaron da ya daina barci, ya daina cin abinci, ya daina shiga aji, amma bai yi duka ko zagi ba, ba shi da suna tabbatacce. Kalmar "ciwon damuwa" da likitoci da gidajen rediyo suke amfani da ita yanzu ba ta gama shiga ƙauye ba.

Idan abin ya bayyana, akan ce "karatu ya taɓa shi", ko kuma a ce jifa ne ko sammu ko kambun baka, idan ya bar makaranta ya shiga duniya a ce kurciya aka yi masa. Ɗan boko yakan yi saurin yi wa waɗannan bayanai dariya, amma ya kamata a duba aikin da suke yi. Idan aka ce jifa ne, an ɗauke laifi daga kan yaron ke nan, ba rago ba ne, ba kuma ya ci amanar kuɗin gida ba ne. Dangi sukan taru, a nemi malami, a yi tofi da rubutun sha da ruƙiyya, yaron ya ga cewa ba a yar da shi ba. Wannan taruwa kanta magani ce, kuma asibitin Aro da Prince ya yi aiki a cikinsa ya yi suna ne a kan tsarin da Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara cikin 1954, na ajiye majinyata a ƙauyuka tare da danginsu da yin aiki da masu maganin gargajiya. Illar kuwa ita ce, duk jifa yana da majefi, kuma a gidan da ake da 'yan uba ba a wahalar nemo wanda za a zarga. Sai ciwon yaro ɗaya ya zama gabar gida, a kuma makara wajen zuwa asibiti. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, wadda aka bayyana a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba majinyaci haƙƙoƙi. Amma doka tana amfanar wanda ya isa gaban likita ne, kafin nan kuwa sai yaron ya buɗe baki.

A nan ne maganar kunyar ɗan fari ta shigo. A al'ada uwa ba ta faɗar sunan ɗanta na fari, ba ta sakewa da shi a gaban mutane, shi ma ba ya zama ya zayyana mata abin da ke ransa, uba kuwa sai gaisuwa daga tsugune. Ɗan farin jami'a, ko da shi ne auta a haihuwa, yakan sami kansa a irin wannan matsayi, domin an riga an ɗaga shi. Kakar da a da yake wasa da ita yanzu Injiniya take ce masa. Ba shi da Hajiya Kumatu, domin babu wanda ya yi zaton wanda ya riga ya shiga jami'a yana bukatar irinta. Idan aka yi hutu bayan an kafe sakamako, zai hau mota a tashar Wudil ya sauka a ƙauyensu, ya iske mahaifinsa a zaure bayan sallar la'asar, ya tsuguna.

"Malam ƙarami, an dawo? Yaya karatun?"

"Alhamdu lillahi, Baba."

"Saura shekara ɗaya ko?"

"In Allah ya yarda, Baba."

Alhali kuwa shi ya san biyu ce, kuma ya yi mako uku bai yi barcin kirki ba. A cikin littattafai ukun da aka nazarta babu wanda ya shiga wannan zaure.